Babana yana so in zama lauyar gwamnati, ƙawayena sun ce kashe zuciya ne

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun lauya. Mahaifina ya dage lallai idan na gama in nemi aiki a Ma'aikatar Shari'a, yana cewa can ne ake da albashi duk wata da fansho, kuma shi ya fi dacewa da 'ya mace. Ƙawayena kuwa dariya suke yi mini, wai wanda ofisoshin lauyoyi masu zaman kansu suka ƙi ɗauka ne yake ƙarewa a ma'aikata, ya yi ta hamma a kan tebur har ya manta abin da ya karanta. Ni kuma ban san abin da lauyan gwamnati yake yi ba, in ban da tsayawa a kotu ya nemi a ɗaure mutum. Ba ni da kowa a sama da zai tsaya mini. Kwanan nan wani ya ce in na kawo kuɗi zai samo mini gurbi tun kafin in gama. Kaina ya kulle, don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa ki gama lafiya, ya yi wa karatun albarka.

Bari in fara da mutumin nan da ya ce ki kawo kuɗi, domin maganarsa ce ba ta jiran gobe. Kada ki ba shi ko sisi, kada kuma ki miƙa masa kwafin takardunki. Yawancin masu wannan talla 'yan damfara ne. Takardar ɗaukar aikin da za su kawo miki ta jabu ce, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata sunanki ne zai ɓaci, shi kuwa ya daɗe da kashe waya. In ma da gaske yana da hannu a ciki, abin ya fi muni. Kin shiga ta ƙofar cin hanci zuwa aikin da za a riƙa ajiye miki fayil ɗin masu cin hanci, ga kuma mutum ɗaya a duniya da ya san sirrinki, wanda duk ranar da ɗan'uwansa ya shiga hannun hukuma lambarki zai nema. Ki kuma tuna har yanzu ba a rantsar da ke ba, kuma masu rantsar da lauyoyi suna duba halin mutum kamar yadda suke duba sakamakonsa. Ki rufe wannan babin yau.

Na lura Baba da ƙawayenki duk a kan kuɗi suke musu. Shi yana duban wanda ba ya yankewa, su suna duban wanda ya fi yawa. Ba wanda ya zaunar da ke ya gaya miki abin da za ki riƙa yi daga safe zuwa yamma, alhali shi ne zai zama rayuwarki. Ni a ganina aikin lauya a gwamnati yana daga cikin wurare mafi kyau da matashi zai fara, sai dai dalilina daban yake da na Baba. A can ne ake ɗora wa sabon lauya kaya mai nauyi da wuri. In nauyin kike so, ki je da saurinki. In hutu kike nema, to ƙawayenki za su yi gaskiya a kanki nan da shekara biyar.

Ki ɗauka kin fara aiki a sashen gabatar da ƙararraki. Wata safiya masinja ya ajiye miki fayil ɗaure da igiya, gefensa har ya fara lanƙwashewa. Daga 'yan sanda ya zo, ana neman shawarar lauya a kan zargin fashi da makami, mutum huɗu ake tuhuma. Kin kwance igiyar kin fara karatu. Wanda aka yi wa fashin ya ce cikin dare ne, bai ga fuskar kowa sosai ba. Biyu an kama su da kayan a hannu. Na uku su biyun duk sun ambaci sunansa, kuma an samu kiran waya tsakaninsu a daren. Na huɗu kuwa, duk inda kika juya a fayil ɗin, abin da ya haɗa shi da maganar shi ne an same shi a ɗakin da aka yi kamen, ya zo kwana wurin abokinsa. Ba shaidar da ta ambace shi. Takardar amsa laifin da ke ɗauke da sunansa ba sa hannun wanda ya yi masa tafinta, kuma jimlolinta iri ɗaya ne da na mutum na biyu, har da kuskuren rubutu. Wata tara ke nan yana tsare yana jiran shari'a.

Abin da ake so daga gare ki bai wuce shafi biyu ko uku ba: wa za a gurfanar, da wane sashe na doka, wace hujja ce ta rage a nemo, wa kuma ya kamata a sallama. Shugabanki zai duba, ya gyara, ya sa hannu. In kin karanta da idon basira, yaron nan zai koma wurin iyayensa. In kin yi ha'inci kin rubuta a gurfanar da su duka don ki rage tarin da ke gabanki, zai iya ƙara shekaru a tsare kafin alƙali ya gano abin da ke za ki iya ganowa a zama ɗaya. Kin ce abin da kika sani kawai shi ne lauyan gwamnati yana neman a ɗaure mutum. Wanda ya san aikin zai gaya miki hana a ɗaure wanda bai kamata ba yana cikin abin da ake biyansa ya yi.

Wannan kuwa rubuce yake a dokoki. A Ingila, hukumar gabatar da ƙararraki da ta fara aiki a 1986 tana sa lauyoyinta su amsa tambaya biyu kafin su kai kowa kotu: shin hujjar ta kai a yi tsammanin samun sa da laifi, kuma shin gurfanar da shi maslahar jama'a ce? A Najeriya, sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na tarayya ikon fara ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani, ko dakatar da ita kafin a yanke hukunci, sashe na 211 kuma ya ba na jihohi irin wannan iko, amma duka biyun sun ɗaure shi da duba maslahar jama'a da adalci da hana wasa da kotu. Ƙa'idojin da aka amince da su a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Havana a 1990 sun ce mai gabatar da ƙara kada ya fara ko ya ci gaba da ƙarar da bincike na gaskiya ya nuna ba ta da tushe. Kotun Ƙolin Amurka ma tun 1935 ta ce abin da gwamnati ke nema a shari'ar laifi shi ne a yi adalci, ba lallai sai ta ci ƙarar ba. Lauya mai zaman kansa yana da mutum ɗaya da yake wa aiki. Ke naki mai gidan jama'a ce baki ɗaya, har da wanda ke tsaye a akwatin tuhuma.

Gabatar da ƙara kuma tebur ɗaya ne cikin tebura da yawa, kuma abin baƙin ciki ne yadda ɗalibai ke gama jami'a ba su san sauran ba. Akwai sashen da ke kare gwamnati idan an kai ta kotu: ɗan kwangila ya ce ba a biya shi ba, ma'aikaci ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, mai fili ya ce an karɓe masa ba diyya. Akwai masu tsara daftarin doka, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo amma kowa yana rayuwa a ƙarƙashin abin da suka rubuta. Su ne ke mayar da abin da minista ya faɗa da baki ya zama sassa da ƙananan sassa, su duba ko ya ci karo da tsarin mulki ko da wata tsohuwar doka da kowa ya manta da ita. Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a ko'ina, kuma da wuya a koye ta a wani wuri in ba cikin gwamnati ko majalisa ba. In ke mai son rubutu ce fiye da tsayuwa gaban alƙali, ki sa ido a nan. Akwai kuma masu duba kwangiloli da yarjejeniyar bashi kafin a sa hannu, inda sakin layi ɗaya a kan wurin da za a yi sulhu in an samu saɓani, ko dokar ƙasar da za a bi, yake iya jawo wa ƙasa asarar da za a daɗe ana biya.

A wajen Ma'aikatar Shari'a ma ƙofofi ne birjik. Hukumar haraji, kwastam, babban banki, hukumar zaɓe, masu sa ido a kan sadarwa da wutar lantarki da magunguna, hukumomin yaƙi da cin hanci, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, har soja da 'yan sanda, kowa da sashen lauyoyinsa. Akwai hukumomin taimaka wa marasa galihu da lauya kyauta, irin wadda Najeriya ta kafa a 1976, inda gwamnati za ta biya ki albashi don ki tsaya ki kare talakan da ita kanta take tuhuma. Sannan akwai aikin mataimaki ga alƙali, ki yi masa bincike, ki tace hujjojin ɓangarorin biyu, ki ga yadda ake gina hukunci daga ciki. Shekara ɗaya ko biyu a ɗakin alƙali mai ƙwazo ta fi wani digirin amfani.

Ƙawayenki ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma ba zan ɓata miki ofisoshin masu zaman kansu ba. Ofishi mai kyau yana koya wa yaro tsafta a aiki. Babban lauya zai maido miki da takarda cike da jan biro har sau uku, ga wanda kuke wa aiki yana kira yana tambaya, ga tsoron rasa shi. Wannan matsin yana gyara mutum. Amma a manyan ofisoshi sabon lauya kan daɗe yana bincike da ɗauko littattafai da zuwa kotu don neman ɗage zama kawai, domin ba mai biyan kuɗi mai yawa don yaro ya koyi aiki a kan shari'arsa. A gwamnati fayiloli sun fi lauyoyi yawa. Saboda haka ba da daɗewa ba za ki ga kanki tsaye kina yi wa shaida tambayoyi, a ɗaya gefen kuma ga lauyan da ya haife ki a aiki. Gwiwarki za ta yi rawa, za ki sha faɗa daga alƙali, amma abin da za ki koya cikin shekara biyu sa'anninki da yawa ba su taɓa shi ba tukuna.

Haɗarin yana nan kusa da amfanin. Tun da fayilolin sun yi yawa, ba lallai wani ya tsaya ya duba aikinki da kyau ba. Za ki iya rubuta shawara mai rauni ta wuce, ki je kotu ba shiri ki nemi a ɗage, albashi ya shigo a ƙarshen wata kamar ba abin da ya faru. Daga nan lalacewa take farawa, a hankali, ba ki ma sani ba. Wanda ƙawayenki suka gani yana hamma a kan tebur da ƙwazonsa ya shigo. Maganin abin shi ne tun makon farko ki gano wane ne a ofishin ake shakkar jan bironsa, ki manne masa, ki riƙa kai masa aikinki ko bai nema ba. Kusan kowace ma'aikata tana da irin wannan mutum, sau da yawa wata ce da ta yi shiru a kusurwa, wadda duk fayil ɗin da ya gagara wurinta ake kai shi.

Batun kuɗi kuma in gaya miki gaskiya: a yawancin ƙasashe albashin lauyan gwamnati bai kai na manyan ofisoshi masu zaman kansu ba, kuma tazarar tana ƙaruwa da shekaru. Sai dai manyan ofisoshin nan 'yan kaɗan suke ɗauka, kuma ƙananan sau da yawa abin da suke ba sabon lauya bai kai na gwamnati ba. Ki kwatanta da aikin da za ki iya samu da gaske, kada ki kwatanta da wanda ake ba da labarinsa a aji. Ƙarin girma yana da jinkiri, kuma yakan bi shekaru fiye da ƙwazo. Za a iya tura ki wani gari ba da shawararki ba. Wata rana za ki nemi littafin da kike buƙata ki rasa. Tabbacin da Baba yake magana a kai ma yana da iyaka. A Amurka, shirin da Ma'aikatar Shari'arsu ke ɗaukar sababbin lauyoyi da shi tun 1953 yana daga cikin waɗanda aka fi rububi a kai, amma a watan Janairun 2025, da sabuwar gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, an janye tayin aikin da aka riga aka yi wa ɗaliban da suka yi nasara. Abin da ba mai iya janye miki shi ne ƙwarewarki a aikin.

Akwai kuma abin da ya fi albashi nauyi, wanda ba na so ki shiga ba ki san da shi ba. Wata rana za a kira ki a ce fayil ɗin wane a bar shi ya kwanta, ko na wane a hanzarta shi. Wani lokaci umarnin halas ne, domin akwai manya a samanki da doka ta ba ikon yanke shawara, kuma ba duk abin da ba ki yarda da shi ba ne zalunci. Wani lokaci kuma kin san abin da ake nufi. Makamin ƙaramin lauya a nan shi ne rubutu. Ki rubuta ra'ayinki a fayil, da dalilinsa da kwanan wata da sa hannunki, cikin ladabi. In an ba ki umarni da baki wanda ya saɓa masa, ki roƙa a rubuta miki. Umarni da yawa a nan yake mutuwa, domin mai bayarwa ba ya son ganin sunansa a ƙarƙashinsa. Kada ki karɓi kyauta daga wanda fayil ɗinsa ke hannunki, ko daga lauyansa, komai ƙanƙantarta, ko an ce ta gaisuwa ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hanyar shiga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa alƙalai da masu gabatar da ƙara 'yan gida ɗaya ne, gasar jarrabawa ake yi a shiga makarantarsu da ke Bordo, a yi wata 31 ana horo ana kuma biyan ɗalibi, kuma ƙasashen da suka gaji wannan tsari, irin su Nijar, su ma da gasar jarrabawa suke ɗauka. A Ingila gwamnati tana da shirin horar da sababbin lauyoyinta na shekara biyu, inda ake zagayawa da mutum sassa huɗu, kowanne wata shida, ya ɗanɗana shari'a a kotu da kuma ba ma'aikatu shawara. A Amurka tun kana shekarar ƙarshe ake nema, kusan shekara guda kafin fara aikin. A Najeriya sai an gama makarantar horar da lauyoyi an rantsar da mutum, kuma shekarar hidimar ƙasa ita ce dama ta farko ga da yawa, domin ana tura lauyoyi ma'aikatu da hukumomi da kotuna, daga baya a nemi aikin dindindin ta hukumar ɗaukar ma'aikata ko ta ita hukumar da ake so. Duk inda kike, abu ɗaya ba ya canzawa: ƙofar tana buɗewa ne na ɗan lokaci ta rufe, kuma mutane da yawa ba su san an buɗe ba sai bayan an rufe. Ki rubuta sunayen hukumomin da kike so, ki riƙa duba shafukansu na intanet da sanarwarsu a jaridu da kanki, kada ki dogara da abin da ake turowa a WhatsApp. Takardunki duka su kasance a shirye, sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya a kowacce, domin ɗan saɓani a nan ya sha fitar da mutane tun kafin a karanta sauran.

Tun da har yanzu kina makaranta, kina da abin da waɗanda suka gama suka rasa. Hutun da ke tafe ki rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Shari'a ko hukumar taimakon marasa galihu ko ofishin magatakardan kotu, ki nemi izinin zuwa koyon sanin makamar aiki, ko ba biya. Ki haɗa da takarda daga tsangayarku. In kin samu, kada ki zauna kina danna waya kina jiran a ba ki aiki. Ki nemi a bar ki ki karanta tsofaffin fayilolin da aka gama da su, ki ga yadda aka rubuta shawara, ki bi lauyoyi kotu ki riƙe musu jaka, ki rubuta abin da kika gani. Gani ya kori ji. Bayan wata guda za ki san ko zuciyarki tana wurin, kuma ba Baba ba ƙawa da zai iya sanar da ke wannan. In jami'arku tana da asibitin shari'a inda ɗalibai ke taimaka wa masu jiran shari'a, ki shiga. Ki ba dokar shaida da tsarin gudanar da shari'ar laifi da dokar gudanarwar hukumomi muhimmanci na musamman, don su ne abincin yau da kullum na lauyan gwamnati. Ki kuma ajiye rubutu ɗaya naki mai kyau, shafi uku zuwa biyar, wanda malami ya duba ya gyara, domin ranar da aka ce ki nuna abin da kika iya.

A intabiyu za a tambaye ki me ya sa kike son aikin. Kada ki ce kina so ki bauta wa ƙasa ki yi shiru, kowa haka yake faɗa. Ki karanta dokar da ta kafa hukumar kafin ki je, ki san ikon da ta ba ta da inda ikon ya tsaya, ki san wata shari'a ɗaya ko biyu da hukumar ta shiga. Sannan ki ba da labarin fayil ɗaya da kika gani lokacin koyon aiki, ba tare da sunan kowa ba, da abin da ya koya miki. Wanda ya zauna yana sauraron masu neman aiki tun safe yana gane wanda ya taɓa kwance igiyar fayil.

Kin ce ba ki da kowa a sama. Ba zan yaudare ki in ce ba a ɗaukar na gida ba, ana yi, a ƙasashe da yawa, kuma yana da ciwo. Amma ko inda abin ya fi lalacewa, shugaban sashe yana buƙatar wanda zai iya rubuta masa abin da ba zai ji kunyarsa a kotu ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya tsaya miki don ya san babanki da wanda ya tsaya miki don ya ga aikinki. Na biyun halas ne, kuma ke za ki iya samar wa kanki shi: malamin da ya duba rubutunki, lauyar da kika bi kotu wata guda, alƙalin da kika yi wa bincike. Ki riƙa gaishe su, ki sanar da su inda kike. Kada kuma ki zauna jiran gwamnati kaɗai. Ki nemi aiki a ofisoshi masu zaman kansu a lokaci guda, in an ɗauke ki ki fara, ki ci gaba da nema. Lauyan da ya yi shekara biyu yana shiga kotu ya fi ƙarfi a intabiyu a kan wanda ya yi shekara biyu yana jira a gida. Ƙofar ma ta shiga da fita ce. Da yawa sun fara a gwamnati sun koma masu zaman kansu da ƙwarewar haraji ko kwangila da ake nemansu da ita, wasu sun bi ta can zuwa kujerar alƙalanci, wadda a manyan kotunan Najeriya sai mutum ya cika shekara 10 da rantsuwa ake duba shi.

Game da Baba, kada ki ja da shi. Tsoro ne yake sa shi magana, tsoron kada ki wahala, kuma wannan so ne. Maganar cewa aikin ya fi dacewa da mace tana da gefen gaskiya, domin lokutan aiki da hutun haihuwa sun fi tsari a gwamnati fiye da ofisoshi da yawa, kuma ba abin kunya ba ne mace ta sa wannan a lissafinta. Sai dai kada ki bari a sa miki a rai cewa wurin hutawar mata ne. Mai gabatar da ƙara a shari'ar kisa ko fyaɗe tana komawa gida da hotunan da ta gani a fayil, tana kwana tana shirya tambayoyi, wani lokaci har barazana ake yi mata. Ki zauna da shi ki ce kin ji shawararsa kuma za ki nemi aikin, amma ta hanyar da ba za ta zubar masa da mutunci ba. Ki gaya masa maganar mai neman kuɗin da bakinki, kafin mutumin ya bi ta bayanki ya same shi, domin irinsu sun san iyaye sun fi saurin biya. Ki kuma roƙe shi ya yarda ki fara a duk inda aka fara ɗaukarki kafin na gwamnatin ya fito.

In Allah ya sa kin shiga, ki ba kanki shekara uku, sannan ki ɗauko shawarar farko da kika rubuta ki ajiye ta kusa da ta baya-bayan nan. In kin ga ta farkon ta ba ki kunya, kina kan hanya, ki ci gaba. In kin ga kusan ɗaya suke, ki nemi a canza miki sashe, in an ƙi ki fara neman wani wurin. Takardar neman koyon aikin nan kuwa ki rubuta ta cikin makon nan, ki kai wa malaminki ya duba kafin ki miƙa.